Ziyarar Kirsimeti da Koyar da Kalmomin Dangantaka

A wajajen 25 ga Disamba, iyalai Kirista masu amfani da Hausa a Kudancin Kaduna, Filato da Gombe sukan kai 'ya'yansu ƙauye gaida dangi. Yaron birni da ya saba kiran kowa "anti" ko "ankul", a can yake cin karo da bambancin da Hausa take yi: kawu ɗan'uwan uwa ne, baffa na uba, gwaggo kuwa 'yar'uwar uba. Ga kuma wasan kaka da jika. Hasara ce malami ya bar wannan dama ta wuce. Da an dawo hutu, ya sa kowane ɗalibi, Kirista ko Musulmi, ya jero dangin da ya ziyarta da sunan dangantakarsu.

Aiki: Kwatanta ginin "Barka da Kirsimeti" da "Barka da Sallah".