Fi'ilin Refuse a Luggar Turanci da Ladabin Amfani da Shi

A cikin aikina na koyar da Turanci da duba wasiƙun da ɗalibai ke rubuta wa magabata, ban ga wani fi'ili da ke jawo wa mutum zargin rashin ladabi, alhali kuwa zuciyarsa ba ta nufi haka ba, kamar refuse, wanda ma'anarsa ita ce ƙi.

Kalmar ba 'yar gida ba ce a Ingila, domin daga refuser ta Faransanci ta samo asali, ta kuma bayyana a rubuce-rubucen Turanci wajejen ƙarni na 14, bayan da mutanen Normandi suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da na shari'a. Malaman lugga da dama suna danganta ta da refundere ta Latin, wato juye wa mutum abin da ya zuba maka, kuma lalle wannan kaushin yana nan tare da ita har yau, domin wanda ya ce I refuse ya yanke magana ne ba tare da uzuri ba. Saboda haka idan babba ya gayyace ka walima, wata lalura ta hana ka zuwa, abin da ya dace da alƙalaminka shi ne decline, mai asali daga declinare, wato karkata gefe, kamar yadda Bahaushe kan ce a yi masa afuwa.

Mafi hatsari shi ne cakuɗa refuse da deny, domin deny inkari ne, musanta abin da aka ce ka aikata. Wanda ake tuhuma da sata, idan ya ce bai ɗauka ba, inkari ya yi; idan kuwa ya kame bakinsa ga tambayar alƙali, ƙi ya yi, kuma tafintan da ya musanya ɗaya da ɗaya ya ɗauki alhakin bawan Allah.

Ta fuskar nahawu, refuse to go ake cewa, ba refuse going ba. Idan kuma aka ƙarfafa gaɓar farko, kalmar ta koma suna mai nufin shara.

Nasihata ga ɗalibai da masu tarjama ita ce su auna matsayin wanda suke yi wa magana kafin su zaɓi lafazi, domin amana ce a wuyansu. Allah ya sa mu dace.