In dambu ya yi yawa

Ɗana, na ga katin ɗaurin auren da ka tsara a kwamfuta, kuma na yaba, hannunka ya fara faɗawa. Sai dai na daɗe riƙe da shi ina laluben ranar ɗaurin auren. Sunan ango da ruwan zinare, na amarya da ja, furanni a kusurwa huɗu, salon rubutu har biyar, ranar kuwa tana can a lungu kamar marainiya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Kafin ka taɓa kwamfuta, tambayi kanka me kake so ido ya fara gani. Wannan shi za ka ba girma da kauri, na biyu ya bi shi, sauran su rusuna. In kowane layi ya ɗaga murya, mai karatu ba zai ji ko ɗaya ba. Salon rubutu biyu sun ishe ka.

Abin da ya shafi juna kuma ka haɗa shi wuri guda: rana, lokaci da masallaci su zauna tare. Layukan su tashi daga gefe ɗaya, a miƙe kamar sahun salla. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, ko ɗan karkata kaɗan zai gane.

Sai launi. Lokacin da nake rubutun allon shaguna da buroshi, na taɓa yi wa wani tela rubutu da rawaya a kan fari. A cikin rumfa ya yi kyau, da aka kafa shi rana ta haska sai ya ɓace. Da kuɗina na sake shi. Tun daga nan duhu nake ɗorawa a kan haske, ko haske a kan duhu.

Kada kuma ka ji tsoron fili. Mai aiki zai ce, “Malam, ai na biya kuɗin takardar duka, a cika ta.” Ka lallashe shi, ka nuna masa cewa filin nan ne ke fito da sunansa. Dubi tutar Nijeriya. Zanen Taiwo Akinkunmi da aka zaɓa a wata gasa a 1959 yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore, fari, kore. Yau ɗan firamare ma yana iya zana ta da ka.

In ka gama aiki, ƙanƙanta shi a wayarka, ka miƙa wa kakarka na ɗan lokaci, ka karɓe, sannan ka tambaye ta abin da ta gani. In furanni ta ambata, koma ka rage. Allah ya yi wa sana'arka albarka.