Wanda ya ba ka kwangila ba shi da ikon zabge farashi shi kaɗai

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙorafi iri ɗaya yake ta zuwa teburina. Mai tirelolin dakon kaya, mai kai wa kamfani masu gadi, injiniyan kwamfuta da ake biya a kan kwana, kowa da takarda mai layi uku: saboda halin da ake ciki, daga wata mai kamawa an rage kashi 10 ko 15 cikin ɗari na farashin aiki. Kusan dukkansu sai su ce mini, "Barista, ai kuɗinsu ne, ya za mu yi?" Wannan magana ta ishe ni, domin ba gaskiya ba ce. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. Mutumin da dizal da taya suka riga suka cinye masa riba, shi ne kuma za a ce ya haƙura da ragi?

Farashin da aka sa hannu a kai ya ɗaure ɓangarorin biyu. Yadda kai ba za ka wayi gari ka ƙara wa kanka kuɗi ba, haka shi ma wanda ya ba ka kwangila ba zai wayi gari ya rage ba. Takardar da ya aiko tayi ce kawai, kana iya karɓa, kana iya ƙi. Ko matsa maka aka yi ka karɓi ƙasa da haƙƙinka, ba lallai ne sauran ya tafi ba. A Ingila, inda dokar kwangilarmu ta samo tushe, an yi shari'ar wani ƙaramin kamfanin magina mai suna D & C Builders a 1965. Suna bin mai gida fam 482, matarsa ta san suna dab da karyewa, ta ce su karɓi 300 ko su rasa duka. Suka karɓa. Kotun ɗaukaka ƙara, da Lord Denning a cikin alƙalan, ta ce a biya su cikon, saboda yardar da aka samu ta hanyar tursasawa ba yarda ba ce.

Inda ake kama mutanenmu shi ne sharaɗin soke kwangila. Takardun manyan kamfanoni da yawa sun ba su damar sallamarka da gajeriyar sanarwa ba tare da dalili ba. Sai a ce maka ka zaɓa: sabon farashi ko sallama. Da wannan dabarar manyan bankunan Landan suka riƙa zabge wa masu kwangilar kwamfuta kashi 10 bayan rikicin kuɗi na 2008. Saboda haka wa'adin sallama nake fara dubawa kafin farashi.

Gargaɗin da nake so ya zauna maka shi ne kada ka yi shiru. Idan takardar ragi ta zo ka ci gaba da aiki ba ka ce uffan ba, ka aika takardar neman biya da sabon farashi, ka sa hannu a baucan da aka rubuta cewa wannan ne cikakken biya na ƙarshe, to ka ba lauyan kamfani duk abin da yake nema. Sashe na 169 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana mutum ya musanta abin da ya sa wani ya gaskata ta hanyar maganarsa ko aikinsa ko shirunsa. Wata takwas kana karɓar ragaggen kuɗi kana gunaguni a gareji, sannan ka zo a kai ƙara? Gunagunin gareji ba shaida ba ne. Kiran waya da manaja ya ce maka "ka bari, za mu gyara" shi ma ba shaida ce mai ƙarfi ba. A makon da takardar ta iso ka rubuta amsa: ban amince ba, ina ci gaba da aiki a kan farashin da muka sa hannu, duk abin da na karɓa wani ɓangare ne na haƙƙina. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Kuma kada fushi ya sa ka janye motoci ko ma'aikata kwatsam, sai ka koma kai ne ka karya yarjejeniya.

Kariya ta gaske kafin sa hannu ake nemanta. A rubuta cewa farashi ba zai sauya ba sai da sa hannun kowa. Wa'adin sallama ya zama aƙalla kwana 30, mai aikin da ya sayi kayan aiki masu tsada ya nemi 60 ko 90, tare da biyan abin da ya kashe saboda wannan kwangilar. A ba ka ikon ficewa ba tara idan an nemi ragi. Na san za a ce babban kamfani ba ya sauya takardarsa. Yana sauyawa, mafi yawanku ne ba ku taɓa tambaya ba, kuna ganin kuɗin lauya asara ne.

Idan kuwa ka auna ka ga sai ka karɓi ragin, kada ka ba da shi kyauta. Ka nemi a yanke masa wa'adi, wata uku ko shida, farashi ya dawo da kansa. Ko a rage yawan aikin daidai da ragin, ko a gajarta lokacin biya, ko a tsawaita kwangilar. Wanda ya samu aiki ta hannun kamfanin dillanci ya tambaya ko su ma sun rage nasu kason, domin sau da yawa kai kaɗai ake ɗora wa.

Yau ka ɗauko takardar kwangilarka ka nemo sharaɗin sallama da na sauya farashi. Idan ba ka gane abin da suka ce ba, ka kai wa lauya kafin wata takardar ragi ta same ka.