Shawara ga Mai Niyyar Wuni a Epe

Ya 'yan'uwa fataken Ikara da Makarfi da Kudan, masu kai tumatir kasuwar Mile 12 a Ikko, idan Allah ya hore muku hutun wuni guda har kuka nufi Epe, garin masunta na bakin ruwa, to ku yi sammako, domin cunkoson hanyar Lekki, wadda ta bi ta kusa da filin golf na Lakowe, yana iya cinye rabin wunin.

Game da abincin da za ku tarar a can, malamanmu na Malikiyya sun halatta dabbobin teku, amma halaccin abu daban, jurewar jiki daban. Wanda bai saba da jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna, ya saurara. In ya ji ƙaiƙayi, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. A kasuwar kifi ta Oluwo da ke garin kuwa, ku dubi idon kifi, ku danna tsokarsa: in ido ya dushe, yatsa kuma ya bar gurbi, ku bar wa mai shi kayarsa. Ku yanke farashi kafin a ɗora kifin a wuta.