Matakan Farautar Baƙon Haske a Sararin Samaniya

Mai sha'awar abubuwan al'ajabin nan da ake cewa suna shawagi a sama, waɗanda Turawa ke kira UFO, ba ya buƙatar kayan tsada. Tabarma, tocila, littafi da biro sun isa.

Da farko, zaɓi dare. Ƙarshen watan Musulunci ya fi, lokacin da farin wata ba ya dusashe taurari. In hazo ya sauko, ka fasa. Ka fita bayan gari nesa da fitilu, amma tare da abokai, kuma wurin da ka san lafiyarsa. A shaida wa mai unguwa.

Na biyu, ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu. Waya ta koma aljihu, tocila kuma a ɗaure mata baki da jar leda.

Na uku, kuma nan aikin yake: san 'yan gida kafin ka ce ka ga baƙo. Tauraruwa Zara ta sha ruɗa mutane saboda tsananin haskenta. Mai ƙyafta ja da kore jirgi ne. Wanda ya ratsa a natse, ba ƙyaftawa ba ƙara, ya ɓace cikin 'yan mintuna, sau da yawa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, wadda ke nisan kusan kilomita 400, tana kewaye duniya cikin kimanin minti 90. Fitilun da suka jeru kamar ayarin raƙuma taurarin ɗan Adam na Starlink ne, da aka fara harbawa rukuni-rukuni a 2019. Manhajar Stellarium za ta raba maka gardama.

Na huɗu, rubuta: ƙarfe nawa, ta wane sashe, wane launi. Miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗinsa kusan digiri 10 ne, da shi za ka auna tsayin abin daga ƙasa. Kowa ya rubuta nasa kafin a fara hira, don bakin wani kan gyara wa wani abin da ya gani. Ni dai wannan matakin na fi riƙewa da muhimmanci. Sojin saman Amurka sun tara rahotannin UFO 12,618 kafin su rufe bincikensu a 1969, guda 701 ne kawai ba a gano ko mene ne ba.

Ka gwada daren 13 ko 14 ga Disamba, lokacin da taurari masu faɗuwa ke yawa. In wata wuta ta tsaga sama har ka ji rugugi, lura da inda ta nufa. A 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito.