Wasiƙa Ga Ƙannena Masu Sha'awar Fitowa a Fim: Ku Dubi Farkon Aishwarya Rajesh



Da yawanku kun san finafinan kudancin Indiya ta hanyar fassarar da ake ɗora musu da Hausa, kun san fuskokin jarumansu ko da ba ku riƙe sunayensu ba. Kaso mai yawa na waɗannan finafinai daga Chennai suke fitowa, babban birnin jihar Tamil Nadu, inda unguwar Kodambakkam ta zama cibiyar masana'antar fim ta harshen Tamil. Ina so mu tsaya a kan yadda 'yan mata ke fara aiki a can, domin akwai abu guda da tarihinsu ya nuna ƙarara: irin rawar da yarinya ta yarda aka san ta da ita a shekarunta na farko ita ke yanke tsawon zamanta a sana'ar, fiye da kyan fuskarta, fiye kuma da girman jarumin da aka haɗa ta da shi.

Hanyar da aka saba a can sananniya ce. A ɗauko yarinya fara daga Mumbai ko Kerala, sau da yawa ba ta jin Tamil, wata daban ce za ta ɗora mata murya. Aikinta waƙoƙi ne da rawa da 'yan fitowa kaɗan a gefen jarumi. Idan fim ya karɓu sai furodusoshi su yi mata caa, idan biyu ko uku suka faɗi a jere sai a nemo sabuwa, alhali jarumin yana nan daram har ya tsufa. Aishwarya Rajesh ba ta bi wannan hanya ba, kuma ba a ma buɗe mata ita ba. 'Yar Chennai ce, an haife ta a 1990, ta fara da gabatar da shiri a talabijin da gasar rawa, kuma ita da bakinta ta sha faɗin yadda aka riƙa mayar da ita baya saboda launin fatarta. Ta ɗan fito fili a Attakathi na darakta Pa. Ranjith a 2012. Sai ga Kaaka Muttai na M. Manikandan, wanda ya shiga sinima a 2015, inda aka nemi ta fito a matsayin uwar yara biyu a unguwar talakawa, mijinta yana gidan yari, ba kwalliya, ba rawa. Tana da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, kuma a lissafin kasuwa wannan kashe kai ne, domin wadda ta fito uwa da wuri ba a cika mayar da ita budurwar jarumi ba. Ta karɓa. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta ƙasa a rukunin finafinan yara, ita kuma gwamnatin Tamil Nadu ta ba ta kyautar jaruma mafi ƙwarewa. A 2018 ta ɗauki nauyin Kanaa a kanta, labarin 'yar manomi mai burin buga wasan kurket, ta kuma fito a Vada Chennai na Vetrimaaran. Daraktoci sun koma nemanta saboda abin da ta iya, kuma wannan ba ya tsufa da saurin da fuska ke tsufa.

Na san abin da wata za ta ce: wadda ke neman na abinci ba ta da bakin zaɓe, zaɓe na mai ƙoshi ne. Maganar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Sai dai Aishwarya ba daga gidan wadata ta fito ba. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, kuma ɗawainiyar gida ce ta tura ta neman aiki. Ta yi ƙananan fitowa da yawa. Bambancin da nake so ku gane shi ne tsakanin ƙaramar rawa da rawar da ba komai a cikinta. Ƙarama tana koya miki aiki, ɗayar kuwa tambari take buga miki. Jaruma Silk Smitha ta nuna a fim ɗin Alaigal Oivathillai na 1981 cewa ta iya wasa na gaske, amma kasuwa ta riga ta ɗaure ta a rawar tayar da sha'awa tun daga fim ɗin Vandichakkaram. Ta yi ɗaruruwan finafinai, ta kawo wa wasu dukiya, ba ta samu kuɓuta daga wannan tambari ba har ta rasu a Chennai a 1996 tana da shekara 35. Duk wanda ya karanta rayuwarta sai zuciyarsa ta sosu.

Wata kuma za ta kawo Sridevi, wadda ta fara tun tana shekara huɗu, ta zama jaruma tana da 13 a Moondru Mudichu na 1976, ta kuma kai ƙololuwa. Gaskiya ne, amma a duba hannun daraktocin da ta faɗa: K. Balachander, sai Bharathiraja a 16 Vayathinile na 1977, sai Balu Mahendra a Moondram Pirai na 1982, inda ta fito a matsayin budurwar da hatsari ya mayar da hankalinta na ƙaramar yarinya. Rawa masu nauyi ne suka gina ta, wato misalinta hujjata yake ƙarfafawa. Haka Nayanthara, wadda ta shigo Tamil a 2005 a gefen manyan jarumai, har da Rajinikanth a Chandramukhi: darajar da take da ita yau ta kafu ne da ta koma ɗaukar fim a kanta, kamar Maya a 2015 da Aramm a 2017. Shekara goma ta yi kafin nan, kuma da yawa daga waɗanda suka shigo tare da ita ba su kai ba.

Ban ce gwaninta garkuwa ce daga komai ba. 'Yar wasa Shoba ta ci kyautar jaruma ta ƙasa da fim ɗin Pasi tana da shekara 17, ta rasu a 1980 ba ta cika 18 ba. Rahoton kwamitin Hema da aka fitar a 2024 ya bayyana cin zarafin da mata ke sha a masana'antar fim ta harshen Malayalam da ke maƙwabtaka, kuma wadda ba a san ta da komai ba sai kyau ita ta fi rauni a gaban mai neman yin amfani da ita, tun da ya san gobe zai iya musanya ta. Saboda haka, ƙanwata, kafin ki amsa fim na farko ki nemi a ba ki labarin ki karanta da idonki, ki ga me za ki faɗa da me za ki yi. A rubuta yarjejeniyar kuɗi a takarda, wani babba na gidanku ya san inda za a ɗauki fim da ranar da za a gama, kuma kada ki bar makaranta saboda alkawarin baki.

Wassalam.