Auna Fahimta: Zafi da Laima a Filin Ƙwallo

Jikin ɗan Adam yana hucewa ne idan gumi ya bushe a fata. Inda iska ta cika da laima kuwa, sai gumi ya yi ta tsiyaya ba ya bushewa, bugun zuciya ya ƙaru, gajiya ta zo da wuri. 'Yan wasan ƙasashen sanyi sun fi jin jiki, domin sabo da wannan yanayi yakan ɗauki kimanin mako biyu. A Gasar Kofin Duniya ta 2014 a Barazil, sai da alƙali ya tsayar da wasan Holan da Meziko a Fortaleza don a sha ruwa.

Aiki: Wane lokaci za ka tsara wasannin ɗalibanka da damina? Kawo dalilai biyu.